Kare da kyanwa a bazara: yadda ake auna jikinsu, a ciyar da su, a kare su daga zafi

Daga tsakiyar Maris zuwa faɗuwar ruwan farko, zafin rana a ƙauyukan Kano da Jigawa yakan haura digiri 40, musamman a watan Afrilu. Mutum yana gumi ya sha iska. Kare da kyanwa ba sa gumi sai ɗan abin da ke fita ta tafin ƙafa. Kare da haki yake fitar da zafi, kyanwa kuma da lasar gashinta da neman wuri mai sanyi. Shi ya sa ranar da kai ka ce “yau an yi zafi” ka wuce, ita ce ranar da kan kashe karen da aka ɗaure a turke. Kuma yadda dabba za ta jure wannan lokaci ya danganta da jikin da ta shigo bazara da shi. Mai ƙiba kitse ne ke riƙe mata zafi, ramammiya kuma ba ta da ƙarfin da za ta yi yaƙi da ƙishirwa da kaska. Don haka daga awon jiki ake farawa.

Hannu ya fi ido gani

Gashi yana ruɗi. Ka sa kare ya tsaya, ka shafa tafin hannunka a kan haƙarƙarinsa ba tare da dannawa ba. Wanda ba ya son taɓa kare ya zura hannu a leda, awon ba ya canzawa. Ga ma'auni a jikinka: ka miƙe yatsunka ka shafa bayan hannunka, inda ake jin ƙasusuwan ƙarƙashin fata kaɗan. Haka haƙarƙarin dabba mai daidaiton jiki yake. Ka dunƙule hannun ka shafa gaɓoɓin da suka turo: wannan ita ce rama. Ka juya ka shafa tudun tafin hannu, inda sai ka danna kafin ka ji ƙashi: wannan ita ce ƙiba.

Sai ka tsaya a kansa ka dube shi daga sama. Bayan haƙarƙari ya kamata ƙugu ya ɗan shiga ciki. Daga gefe kuma ciki ya ɗage sama wajen ƙafafun baya. In kare ya zama sambal kamar ganga, ya yi ƙiba. In ƙashin baya da na ƙugu sun fito ana ƙirga su daga nesa, ya rame. Karnukanmu na gida da ma siraran jiki gare su, don haka ganin haƙarƙari biyu na ƙarshe a jikin karen farauta ba laifi ba ne. Ƙaton ciki a jikin ɗan kwikwiyo mai siraran ƙafafu kuwa ba ƙoshi ba ne, yawanci tsutsa ce. A kyanwa, kada fatar da ke reto a ƙasan cikinta ta ruɗe ka, halitta ce. Haƙarƙari da ƙashin baya za ka taɓa.

Sikeli yana ƙara tabbatarwa. Ka hau shi kai kaɗai, ka sake hawa ɗauke da dabbar, ka cire. Kyanwa a sa ta a buhu mai shan iska ko kwando a rataya a sikelin 'yan hatsi. Kyanwar gida babba takan yi kilo 3 zuwa 4. A auna duk mako biyu, da safe kafin a ba da abinci, a rubuta ko da a jikin bango ne.

Wanda ya rame

A karkara rama ta fi ƙiba yawa, kuma ba kullum ƙarancin abinci ne dalili ba. Kafin ka ƙara kwano, ka ɗaga leɓe ka duba dasashi. Lafiyayye ja-ja ne mai haske. In ya yi fari fat, jini ne ya yi ƙasa, kuma ɓarayin jini uku ne: tsutsar ciki, kaska da ƙuma. Ciyar da dabba mai tsutsa zuba ruwa ne a kwando. Babban kare da babbar kyanwa a ba su maganin tsutsa duk wata uku. 'Yan kwikwiyo ana fara musu tun suna mako biyu, a maimaita duk mako biyu har su kai wata uku. Adadin maganin bisa nauyi ake lissafa shi, shi ya sa ake auna dabbar tukuna. Kada a gutsuri ƙwayar tumaki a ba kyanwa da ka. A je wurin malamin dabbobi na ƙaramar hukuma ya faɗi irin maganin da yawansa.

Sai abinci. Ƙanzo da ruwan wankin tukunya suna cika ciki, ba sa gina tsoka. Kare mai kilo 15 da ke gadin gida a fara shi da dafaffen abinci giram 600 zuwa 700 a yini: kashi biyu tuwo ko shinkafa, kashi ɗaya abin da ya fito daga dabba, wato huhu, tumbi, kan kifi da aka dafa ya yi laushi, ko ƙwai. Mahauta na kasuwar ƙauye suna da tarkacen da ba ya tsada, a dafa shi kafin a bayar. Karen da ke fita farauta, da karya mai shayarwa, sukan buƙaci ninkin wannan ko fiye. Hanta kada ta wuce ɗan yanki sau ɗaya ko biyu a mako. Tuwo da nama duk ba su da sinadarin gina ƙashi yadda ya kamata, to a busar da ɓawon ƙwai a daka shi lukui, a barbaɗa rabin ƙaramin cokali a kan kowane rabin kilo na abinci. Dabbar da ta daɗe cikin yunwa ba a cika mata kwano rana ɗaya. A raba mata ƙanana sau uku ko huɗu, a riƙa ƙarawa cikin mako guda.

Kyanwa daban take. Maciyar nama ce zalla, kuma akwai wani sinadari da ake kira taurin wanda jikinta ba ya iya haɗa isasshensa, sai a nama da kifi take samu. In ta rasa shi na tsawon watanni, ido ya mutu, zuciya ta raunana. Ana cewa a bar mage da yunwa don ta kama ɓera. Kyanwar da za ta rayu da ɓera kaɗai sai ta kama kusan takwas zuwa goma a kullum, abin da ba kowane rumbu ke bayarwa ba. Kuma ƙosasshiyar kyanwa ba ta daina farauta, ɗabi'arta ce. A ba ta dafaffen nama ko kifi giram 120 zuwa 150 a yini in ba ta samun komai a waje, a rage in tana kamawa. Busasshen kifi mai gishiri a jiƙa shi tukuna. Madarar shanu tana sa yawancin manyan kyanwoyi zawo, kuma zawo a bazara hanyar bushewa ce.

Wanda ya yi ƙiba

Masu ƙiba sanannu ne: karen da aka dandaƙe aka ɗaure, muzurun da ya zama ɗan ɗaki, da dabbar gidan yawa inda kowace mata ke juye mata sauran tuwo, kowa yana zaton shi kaɗai ke ba ta. Maganin farko shi ne a naɗa mutum ɗaya mai ciyarwa, da gwangwani ɗaya na awo. A auna abin da dabbar ke ci yanzu a yini, a cire kashi ɗaya cikin biyar. Daga tuwo da mai da kitse ake cirewa, a bar naman. Gurbin da ya rage a cike shi da dafaffen kabewa ko ganye, don ciki ya ji nauyi.

Saukar nauyi a hankali ake so. Kare ya rage kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na nauyinsa a mako, wato mai kilo 20 ya zubar da giram 200 zuwa 400. In bayan mako huɗu sikeli bai motsa ba, ko dai a ƙara cire kashi ɗaya cikin goma, ko a bincika wa ke ba shi a ɓoye. Kyanwa kuwa kada ta wuce kashi 1 cikin ɗari a mako, giram 50 ke nan ga mai kilo 5. A nan akwai haɗarin da mutane ba su sani ba. Ƙibabbiyar kyanwa in ta yi kwana biyu zuwa uku ba ta ci komai ba, kitsen jikinta yakan kwararo ya cushe hanta, ido da dasashi su yi rawaya, kuma tana iya mutuwa. Ba a yi wa kyanwa horon yunwa. In ta ƙi abinci kwana biyu, a nemi likita.

Kada a ɗauki ƙibabben kare a ce za a ƙona masa kitse da gudu a watan Afrilu. Tafiyar minti 15 zuwa 20 bayan asuba da wata bayan magariba ta isa, a ƙara daga baya in damina ta sauka.

Abubuwan da ba sa shiga kwano ko da dabbar ramammiya ce: miya mai albasa da tafarnuwa da yawa, don suna farfasa ƙwayoyin jini, goro da cakulan, dafaffen ƙashin kaza mai tsagewa ya huda hanji, da masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi fumfuna, wanda gubarsa ke lalata hantar kare. Lokacin layya ma a yi hattara. Karen da ya saba da tuwo in ya ci tulin kitse rana ɗaya, amai da ciwon ciki mai tsanani ke biyo baya. A bazara babban abinci da yamma ake ba da shi, in gari ya huce, kuma abin da ya rage bayan rabin awa a ɗauke, don yana saurin tsami kuma yana tara ƙuda.

Ruwa da inuwa

Kare yana buƙatar kusan mililita 50 zuwa 60 na ruwa ga kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai kilo 15 ke nan kusan leda biyu ta fiya wata, kuma a tsakiyar bazara yana iya shan ninkin haka. Kyanwa mai kilo 4 kusan rabin leda. Kasko ko kwatanniyar ƙasa ta fi kwanon ƙarfe, don tana riƙe sanyi kamar randa. A haƙa ɗan rami a binne gindinta yadda sarƙa ba za ta kifar da ita ba. Kare yana iya mutuwa a turke ko da an ajiye masa ruwa da safe, in igiya ta ture kwanon tun da hantsi. A sake ruwa safe da rana da yamma, a wanke kaskon kullum. In azumi ya faɗo a lokacin zafi, a sa yaro ya riƙa dubawa da azahar, don gidan da ba a ɗora tukunyar rana ba an fi mantawa da dabba.

Kyanwa ba ta da yawan jin ƙishi, sai an lallaɓa ta. A ajiye mata ruwa wuri biyu ko uku, nesa da inda take cin abinci, a kuma zuba romo marar gishiri a abincinta. Muzurun da ke yawan tsugunawa yana nishi, fitsari ba ya fita ko yana ɗiga da jini, mafitsararsa ce ta toshe. Wannan ba ya jiran ranar kasuwa, cikin kwana ɗaya zuwa biyu yake kisa. Randa da rijiya da duro a rufe su, kyanwa mai neman ruwa takan faɗa.

Inuwa tana tafiya. Gindin darbejiyar da ya yi duhu da safe yana iya zama fili da ƙarfe biyu. Kafin ka kafa turke, ka duba wurin sau uku: hantsi, azahar da la'asar. Ranar yamma ta fi cizo, don haka a kare ɓangaren yamma da zana. Rumfar kara ko ta ciyawa mai buɗaɗɗen gefe ta fi ɗakin langa-langa nesa ba kusa ba, domin kwano yana gasa abin da ke ƙarƙashinsa. In ba makawa sai kwano, a ɗaga shi sama da tsayin mutum, a jibga karan dawa a kai. A yayyafa ruwa a ƙasa da rana. In kare ya tona rami ya kwanta, a ƙyale shi, sanyin ƙasa yake nema. Kafin a kulle shago ko ɗakin ajiya da rana, a leƙa ko mage na ciki.

Rairayin jigawa da kwalta suna ƙona tafin ƙafa. Ka ɗora bayan hannunka a ƙasa ka ƙirga bakwai. In ba ka iya jurewa ba, kare ma ba zai iya ba, ko da zai bi ka don biyayya. 'Yan farauta su fita da asuba, su tsaya a inuwa kafin rana ta take, su ɗauki jarkar ruwan karnuka daban da tasu. Cusa karnuka a bayan mota a rufe da tamfol, ko barin su a motar da aka kulle, yana kisa cikin mintuna. Karnukan waje masu kaurin gashi irin su alseshan, da masu gajeren hanci, da tsofaffi, da masu ciki, su ne farkon faɗuwa. Ba a aske su ƙwal, don gashi yana kare fata daga ƙunar rana. A taje mataccen gashin kawai.

In zafi ya buge dabba

Zafin jikin kare da kyanwa na lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39.2. In ya haura 41, kayan ciki sun fara lalacewa. Alamun suna zuwa a jere: haki mai ƙarfi da ba ya tsayawa ko a inuwa, harshe ya zazzago ya yi faɗi, dasashi ya yi jajir, yawu mai yauƙi, sai tangaɗi, amai, zawo wani lokaci da jini, sai faɗuwa da shure-shure. Kyanwa ba ta haki a al'ada. Ka ga ta buɗe baki tana haki, abin ya riga ya yi nisa.

A fara sanyaya jiki kafin a nemi abin hawa. A kai dabbar inuwa. A kwarara mata ruwan randa ko na rijiya a wuya, da ciki, da hammata, da tsakanin cinyoyi, har ya ratsa gashi ya taɓa fata. A riƙa fifita da mafici ko faifai ba tsayawa, don iskar da ke busar da ruwan ita ke janye zafin. Kada a lulluɓe ta da jiƙaƙƙen buhu a bari, buhun zai ɗumama ya riƙe zafi. In tana cikin hayyacinta a miƙa mata ruwa kaɗan-kaɗan. In ba ta iya ɗaga kai kada a ɗura, zai tafi huhu. Mai ma'aunin zafi ya shafa masa man shafawa ya sa a dubura, ya dakatar da ruwan in ya sauko 39.5, kada a zarce a jefa ta cikin sanyi. Bayan nan a tafi asibitin dabbobi ko da ta miƙe, domin ciwon ƙoda da zubar jini na ciki sukan bayyana bayan kwana ɗaya zuwa uku.

Kada a ba da maganin zazzaɓin mutane. Wannan zafi ba zazzaɓi ba ne, maganin ba zai sauke shi ba. Ƙwayar farasitamol ɗaya tana kashe kyanwa. Ibuprofen da diclofenac suna huda cikin kare su lalata masa ƙoda.

Don gane bushewar jiki, a ja fatar da ke tsakanin kafaɗu a saki. In ta koma nan take, lafiya. In ta tsaya kamar tanti, ruwa ya yi ƙasa. Dabbar da ke iya sha kuma ba ta amai, a haɗa mata ruwan gishiri da sukari irin na yara: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a ba ta kaɗan-kaɗan.

Kaska, guba da maciji

Kaskar kare a tsagar bango da ƙarƙashin tarkace take ɓuya, macen tana zuba dubban ƙwai. A duba cikin kunne, wuya da tsakanin yatsu kowace yamma. A kama ta dab da fata a ja a miƙe, a jefa a kananzir, kada a murtsuke ta da yatsa. A yaɓe tsagogin bangon wurin kwanansa. Kare mai kaska da ya daina ci, dasashi ya yi fari, fitsari ya koma kalar shayi, cutar jini ce kaska ta sa masa, allura yake buƙata.

Maganin gona ba maganin kaska ba ne. Wanke kare da fiya-fiya ko maganin feshin wake yana shiga ta fata: yawu ya zubo, jiki ya hau rawa, ƙwayar ido ta ƙanƙance. In haka ta faru a sa leda a hannu, a wanke shi da sabulu da ruwa mai yawa, a garzaya wurin likita da kwalbar maganin. Baƙin mai da ake shafa wa mai ƙazuwa guba ne, don zai lashe. Maganin ƙumar kare mai sinadarin permethrin yana kashe kyanwa. Shinkafar ɓera kuma takan kashe magen da ta ci ɓeran.

Kububuwa da gamsheƙa da kunama suna neman sanyi a inda dabbobi ke nema: gindin randa, tarin itace, ƙarƙashin rumbu. A share kewayen makwanci. In maciji ya sari kare, kada a tsaga, kada a ɗaure tamau, a ɗauke shi kada ya yi tafiya. In gamsheƙa ta tofa masa dafi a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai tsabta na minti 15.

Zafi ba ya haukata kare

Ana cewa rana ce ke sa kare hauka. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ke shiga ta cizo, ba ruwanta da yanayi. Amma da yake duka biyun suna zuwa da dalalar yawu, ana rikita su. Wanda zafi ya buge yana haki, jikinsa rau, kuma akwai dalili a fili: ɗauri a rana ko gudu. Mai ciwon hauka halinsa ne ke sauyawa cikin 'yan kwanaki, ya ciji itace da dutse, muryarsa ta canza, ko muƙamuƙinsa ya saki ya kasa haɗiya. In kana shakka, ka watsa ruwan daga nesa, kada ka sa hannu a bakinsa da sunan ciro ƙashi.

Allurar rigakafi ana yin ta tun dabba tana wata uku, a maimaita duk shekara, har da kyanwa. Cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana haɗa wannan allura. Ita ma zafi yana kashe ta, don haka a tabbata daga firji ko akwatin ƙanƙara aka ciro ta, a karɓi takardar shaida. Wanda kare ko kyanwa ta ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar. Dabbar gida da ta yi cizon a killace ta kwana goma a inuwa, da ruwa da abinci, ana lura da ita, a kuma sanar da malamin dabbobi.